Keɓantattun Kalmomin Bincike a Intanet

Keɓantattun kalmomin bincike su ne jimlolin da mutum kan rubuta a injin bincike irin su Google ko Bing idan ya san ainihin abin da yake nema, ya kuma fayyace shi dalla-dalla. Wanda ya rubuta "takalmi" bincike na gama-gari ya yi. Wanda ya rubuta "takalmin fata na maza ɗinkin hannu a Kano" kuwa ya keɓance buƙatarsa. Masu sana'ar tallata kaya ta intanet suna kiran irin waɗannan jimloli kalmomin doguwar jela. Da su ne ƙananan 'yan kasuwa masu sayar da abin da ba kowa ke nema ba suka fi jawo maziyarta zuwa shafukansu ba tare da biyan kuɗin talla ba. Dabarar reshe ce ta fannin gyara shafi domin ya fito a sahun gaba na sakamakon bincike, fannin da aka fi sani da gajeren sunansa, SEO.

Sakamakon bincike kashi biyu ne. Akwai tallace-tallace da ake sa wa alama, waɗanda mai kaya ke biyan kuɗi duk lokacin da wani ya latsa su. Google ya fara sayar da irinsu a shekarar 2000 da sunan AdWords, ya kuma sauya sunan zuwa Google Ads a 2018. Akwai kuma jerin shafukan da injin ya zaɓo da kansa saboda yana ganin sun dace da tambayar. Maziyartan da suka zo ta wannan jeri na biyu su ake nufi da maziyartan da ba a saya ba. Ba a biyan injin komai a kansu, sai dai samunsu yana cin lokaci da aiki.

Asalin tunanin

Sunan doguwar jela ya bazu ne bayan wata maƙala da Chris Anderson, editan mujallar Wired ta Amurka a lokacin, ya wallafa a watan Oktoba na 2004, wadda ya faɗaɗa ta zama littafi mai suna The Long Tail a 2006. Ba bincike a intanet ne ya dame shi ba tun farko. Yana magana ne a kan kantunan intanet irin su Amazon da Netflix, waɗanda ƙarancin wurin ajiya bai takura musu ba kamar yadda ya takura wa kantin unguwa. Hujjarsa ita ce kayan da ba su da farin jini, waɗanda kowannensu mutum kaɗan ne ke saye, idan aka tara cinikinsu wuri ɗaya yakan zama kaso mai tsoka.

Idan aka zana yawan neman kowane kaya a jadawali, daga wanda aka fi nema zuwa wanda aka fi mantawa da shi, layin yakan tashi sama sosai a farko, sannan ya faɗo ya miƙe ƙasa-ƙasa zuwa nesa. Farkon shi ne kai, miƙaƙƙen ɓangaren shi ne jela. Tun kafin zamanin intanet, George Kingsley Zipf, masanin harshe a jami'ar Harvard, ya nuna cewa haka kalmomi ke rarrabuwa a rubutu: 'yan kaɗan suna ta maimaituwa, mafi yawa kuma jefi-jefi suke fitowa. Bincike a intanet ya bi wannan tsari. Kamfanin Google ya sha faɗa cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na tambayoyin da yake karɓa a kowace rana bai taɓa ganin irinsu ba.

Akwai kuskuren da ya yawaita a nan. Tsawon jimla ba shi ne ke sa ta shiga jela ba, ƙarancin masu nemanta ne. Yawanci abubuwan biyu suna tafiya tare, domin duk kalmar da aka ƙara tana rage yawan masu rubuta jimlar. Amma sunan wani ƙarfe na injin niƙa na iya zama kalma biyu kacal kuma yana can ƙarshen jela, yayin da doguwar tambaya a kan sakamakon wasan ƙwallo na jiya miliyoyi ne ke yinta.

Yadda injin bincike ya sauya

Aikin injin bincike mataki uku ne. Manhajojinsa suna bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi suna kwafo abin da ke ciki, sannan a adana shi a wata babbar ma'ajiya, sannan idan tambaya ta zo a jera shafukan da suka fi dacewa da ita. Shafin da ba a adana ba, ba zai fito ba komai kyawunsa.

Injunan farko na shekarun 1990, irin su AltaVista da aka buɗe a 1995, sun dogara sosai da yawan fitowar kalma a shafi. Masu shafuka suka gane haka, sai suka shiga cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa, wani lokaci da farin rubutu a kan farin bango yadda injin zai gani, mai karatu ba zai gani ba. Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998 bayan bincikensu a jami'ar Stanford, ya zo da ma'aunin PageRank, mai duba yawa da darajar shafukan da suka yi nuni zuwa ga wani shafi. Nan ma aka samu masu sayar da mahaɗai na bogi. Tarihin fannin tun daga lokacin ja-in-ja ne tsakanin injin da masu neman yi masa wayo. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga ma'ajiyarsa na ɗan lokaci saboda shafukan yaudara. A 2009 ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan shafi wajen jera sakamako. Sauyin ma'auninsa mai suna Panda na 2011 ya durƙusar da shafuka marasa abin kirki a ciki, na Penguin a 2012 kuma ya auka wa mahaɗan bogi.

Sauye-sauyen da suka fi shafar keɓantattun kalmomi su ne waɗanda suka koya wa injin fahimtar ma'ana: Hummingbird a 2013, RankBrain a 2015, da BERT a 2019. Da aka ƙaddamar da BERT, Google ya ce zai taɓa bincike ɗaya cikin goma na Turanci a Amurka, musamman dogayen tambayoyi da ƙananan kalmomi ke juya ma'anarsu. Abin da wannan ya haifar shi ne ba dole sai shafi ya ƙunshi jimlar mai bincike harafi da harafi ba. Shafi ɗaya mai cikakken bayani yana iya fitowa a tambayoyi masu yawa da ke nufin abu guda. Tsohuwar al'adar buɗe shafi daban ga kowane ɗan sauyin jimla ta daina amfani, har ma tana iya jawo wa mai ita koma baya.

Abin da ya sa dabarar ta dace da ƙaramin ɗan kasuwa

Dalili na farko shi ne gasa. Kalmomin gama-gari manyan kantuna da jaridu da kundayen ilimi ne suka mamaye su, masu shekaru da dubban mahaɗai da ma'aikata na musamman. Sabon shafin mai ɗinkin huluna ba zai ture su daga kalmar "hula" ba. A kan "yadda ake wanke hular zanna ba tare da ta lalace ba" kuwa, mai yiwuwa babu wani babban kamfani da ya taɓa rubuta komai, kuma mai sana'ar ya fi kowa sanin amsar.

Dalili na biyu ya fi nauyi, wato niyyar mai bincike. A 2002 Andrei Broder, wanda ya yi aiki a AltaVista, ya kasa bincike gida uku: na neman wani shafi da aka riga aka sani, na neman bayani, da na son aiwatar da wani abu kamar saye. Kalma ɗaya tilo ba ta nuna ko wanne ake nufi. Mai rubuta "sola" yana iya zama ɗalibi, ko mai neman hoto, ko mai neman aiki. Mai rubuta "farashin famfon ban ruwa mai aiki da sola na gonar kadada ɗaya" ya faɗi sana'arsa, da girman gonarsa, da cewa ya kai matakin tambayar kuɗi. Kamar mai shiga kasuwa ne: wanda ya tambayi layin 'yan atamfa yana iya zama ɗan kallo, wanda ya ambaci sunan atamfar da launinta da yawan turamen da yake so kuwa da kuɗinsa ya zo. Saboda haka maziyarta ɗari da suka zo ta keɓantacciyar jimla sukan fi dubban da suka zo ta kalmar gama-gari kawo ciniki. Ɗan kasuwar da yake auna nasararsa da yawan maziyarta kawai bai kama ma'aunin da ya dace ba. Abin ƙirgawa shi ne kira da saƙo da oda.

Na uku, jimlolin suna taruwa. Kowacce kaɗan take kawowa, amma shafuka ashirin ko talatin da kowannensu ya amsa tambaya ta gaske suna haɗuwa su ba da maziyarta a kai a kai. Kuma talla tana tsayawa ranar da kuɗi ya ƙare, shafin da ya samu gurbi kuwa yakan ci gaba da aiki.

Gano kalmomin

Tushe mafi inganci shi ne bakin abokan ciniki. Tambayoyin da ake yi wa mai kaya a shago, da a waya, da a WhatsApp, su ne dai ake rubutawa a injin bincike, sau da yawa da kalmomi iri ɗaya. Mai sayar da turaren wuta da ake yawan tambaya ko kayansa na sa tari, ko kwana nawa ƙamshin ke yi a tufafi, ko ana aikawa Abuja, ya riga ya samu batutuwan shafuka uku. Abin kula shi ne kalmar mai sana'a da ta mai saye sukan bambanta. Makaniki yana kiran ɓangaren mota da sunansa, mai motar kuwa ƙarar da yake ji yake kwatantawa. Kalmar mai saye ita ake bi.

Bayan wannan sai kayan aikin da injin ke bayarwa kyauta. Shawarwarin da ke saukowa yayin da ake rubutu a akwatin bincike, waɗanda Google ya sa a babban shafinsa a 2008, daga binciken mutane na gaske ake ɗebo su. Haka tambayoyi masu alaƙa da ke fitowa a tsakiya da ƙasan sakamako. Keyword Planner, da aka yi domin masu talla a 2013, yana ba da ƙiyasin yawan masu neman jimla a wata. Google Trends, da aka buɗe a 2006, yana nuna hawa da saukar sha'awa bisa lokaci da yanki. Akwai kuma na kuɗi irin su Ahrefs da Semrush da Moz, masu nuna kalmomin da abokan gasa ke fitowa a kansu, sai dai da dala ake biyansu, kuma ƙaramin ɗan kasuwa zai iya yin nisa ba tare da su ba.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Search Console na Google, wanda ake kira Webmaster Tools kafin 2015. Muhimmancinsa ya ƙaru ne tun daga 2011, lokacin da Google ya fara ɓoye wa manhajojin ƙididdiga kalmomin da maziyarta suka yi amfani da su, abin da ya game kusan dukkan bincike a 2013. Mai shafi da ya tabbatar da mallakarsa yakan ga jadawali mai ɗauke da jimlar da aka rubuta, da sau nawa shafinsa ya bayyana, da sau nawa aka latsa, da matsakaicin matsayinsa, har na tsawon wata 16 baya. A wannan jadawali ake farautar jimlolin da shafin ke matsayi na 11 zuwa na 20 a kansu. Irin waɗannan sun kusa shiga sahun farko, kuma ƙarin bayani kaɗan ko gyaran take yakan isa ya tura su. Jimlar da ke bayyana da yawa amma ba a latsawa kuma tana nuna cewa taken shafin bai ja hankali ba, ko bai dace da abin da ake nema ba.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Neman raguna yana tashi gab da Babbar Sallah, neman ɗinki da yadi a cikin azumi, neman taki da iri kafin damina. Tunda shekarar Musulunci tana matsowa da kimanin kwana 11 a kalandar Turawa duk shekara, mai kayan Sallah da watan Musulunci zai tsara aikinsa. Sabon shafi kuma ba ya samun gurbi nan take, don haka watanni kafin lokacin ake wallafa shi.

Gina shafin

Ƙa'idar ita ce kowace niyya da shafinta. Jimlar da aka zaɓa tana shiga taken shafi, wanda shi ne rubutun da ake latsawa a sakamako, kuma Google yakan datse shi idan ya wuce haruffa 60 ko kusa da haka. Tana shiga babban kanu da sakin layi na farko, a yanayin da mutum zai karanta ba tare da tuntuɓe ba. Daga nan abin da ya rage shi ne amsa. A misalin takalmin fata, shafin kirki zai faɗi irin fatar, ta akuya ce ko ta saniya, da lambobin da ake da su, da yadda mai saye zai auna ƙafarsa a gida da zare, da farashi, da kwanakin da ɗinki ke ɗauka, da garuruwan da ake aikawa, da abin da za a yi idan takalmin ya matse. Hotunan su zama na kayan da kansu, da ɗan rubutun da ke bayyana abin da ke cikinsu, a kuma rage musu nauyi. Yawancin masu bincike da waya suke yi, da data mai tsada, kuma Google da sigar waya ta shafi yake aiki wajen adanawa da jerawa.

Ɓoye farashi da cewa a tuntuɓe mu ta saƙo al'ada ce da ta zama ruwan dare, kuma tana cutar da mai ita a nan. Wanda ya rubuta "farashin" a bincikensa, idan bai ga kuɗi ba zai koma ya latsa na gaba.

Ga sana'ar da ke da wuri, kamar gyaran janareto ko gidan abinci, sunan gari da na unguwa suna cikin keɓantacciyar jimlar. Rajista a Google Business Profile kyauta ce, ita ce kuma ke sa shago ya fito a taswira. Google ya ce abubuwa uku yake dubawa a irin wannan sakamako: dacewa da tambaya, kusanci da mai bincike, da shaharar wurin, wadda ra'ayoyin abokan ciniki ke cikin abubuwan da ke gina ta.

Bincike da Hausa

Rubutun Hausa a intanet ya fi karkata ga labarai da addini da nishaɗi, inda kafafe irin su BBC Hausa da Aminiya suke da ƙarfi. Shafukan kasuwanci masu cikakken bayani da Hausa ba su da yawa, don haka gasa a kan jimlolin saye da sayarwa ba ta yi tsanani ba. Sai dai manhajojin ƙiyasi sukan nuna sifili ga jimlar da masu nemanta ba su kai wani adadi ba, kuma sifilin ba ya nufin babu mai nema. A nan shaidar abokan ciniki ta fi ta manhaja ƙarfi.

Rubutun ma yana da sarƙaƙiya. Mutane da yawa ba sa sa haruffa masu lanƙwasa a waya, sai su rubuta "dinki" a madadin "ɗinki". A Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Da yawa kuma suna gauraya Hausa da Turanci a jimla ɗaya, ko da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi, musamman wajen sunayen na'urori. Ya kamata mai shafi ya gwada kowace siga a injin ya ga abin da ke fitowa, ya rubuta shafinsa da daidaitacciyar Hausa, ya kuma ambaci sunan kayan yadda aka san shi a kasuwa. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, a 2024 kuma ya sanar da shigar da ita cikin harsunan da ake iya bincike da murya. Mai bincike da murya cikakkiyar tambaya yake yi kamar yana magana da mutum, wato keɓantacciyar jimla.

Iyakokin dabarar

Sakamakon ba ya zuwa da wuri. Sabon shafi yakan yi watanni kafin a ga tasirinsa. Idan kuma babu masu neman kayan kwata-kwata, kamar sabon abin da mutane ba su san sunansa ba, bincike ba zai haifar da buƙata ba. Irin wannan kaya sai Instagram ko TikTok ko rediyo, inda ake nuna wa mutum abin da bai nema ba.

Akwai kuma haɗarin dogaro da kamfani ɗaya. Google ne ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na bincike a duniya, in ban da ƙasashe irin su Sin da Rasha inda Baidu da Yandex suke da ƙarfi, kuma yana sauya ma'auninsa sau da yawa a shekara. Tun daga watan Mayu na 2024 ya fara sa taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a Amurka, sannan ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe. Tambayoyin neman bayani zalla su suka fi fuskantar wannan, domin mai tambaya yana iya samun amsarsa bai latsa komai ba. Jimlolin saye da na neman mai gyara a kusa sun fi tsira, tunda dole a ƙarshe a je wurin mai kaya. Hikima ita ce duk maziyarcin da ya zama abokin ciniki a riƙe lambarsa da izininsa, domin dawowarsa ta gaba kada ta rataya a kan injin.

Fannin yana da ƙwararru na gaskiya, yana kuma da 'yan damfara masu sayar da dubban mahaɗan bogi ko shafukan da na'ura ta zubo ba tare da dubawa ba, abin da kan jawo wa shafi hukunci. Jagorar da Google ya wallafa wa masu shafuka ta bayyana cewa babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Duk wanda ya zo wa ɗan kasuwa da wannan alƙawari, a guje shi.